Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai, reshen Illela, a kan shawarar shirya wa ɗalibai tattaki daga Ɗagel zuwa Gudu



Ina godiya ga kwamitin ilimi na wannan ƙungiya da ya ɗora mini nauyin yin magana a kan shawarar da matasanmu suka kawo a taron da ya gabata, wato ƙungiya ta ɗauki nauyin kai wasu ɗalibai tafiyar ƙafa ta 'yan kwanaki, su bi hanyar da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da jama'arsa suka bi daga Ɗagel zuwa Gudu. Kwamitin ya ba ni tambaya biyu: yaya za a shirya tafiyar, kuma nawa za ta ci? Zan yi ƙoƙarin amsa su, sannan in ƙara ta uku wadda ba a tambaye ni ba, amma ina ganin ta fi sauran nauyi: a wane hali za a fasa tafiyar? Dalili kuwa, kuɗin da za a kashe na 'yan ƙungiya ne, 'ya'yan da za a ɗauka kuma na mutane ne, duka biyun amana ce a hannunmu.

Me ya sa wannan hanya?

A watan Fabrairu na shekarar 1804, bayan zama ya yi tsami tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa, Shehu ya bar Ɗagel, wadda yau take cikin ƙaramar hukumar Gwadabawa, ya nufi Gudu a yamma. Littattafan tarihi sun kawo zangunan da aka yi: Kwaren Gezo, Demba, Kalmalo, Farkaji, Ruwawuri, sannan Gudu. Kun ji Kalmalo a ciki, wato hanyar ta ratsa ta ƙasarmu ta Illela. A Gudu aka yi wa Shehu mubaya'a, a watan Yuni na wannan shekara kuma aka yi yaƙin Tafkin Kwatto.

Abin da nake so mu lura da shi a nan shi ne, ko waɗannan bayin Allah da suka tashi cikin matsi ba su tashi da ka ba. Akwai mata da yara da tsofaffi a cikinsu, Nana Asma'u ma a lokacin yarinya ce 'yar kimanin shekara goma sha ɗaya. Sai da aka nemi dabbobin ɗaukar kaya, har wani malami Buzu mai suna Agali ya taimaka da raƙuma aka ɗauki littattafan Shehu. Tsakanin Ɗagel da Gudu bai wuce kimanin mil 30 ba in an ja layi miƙe, amma ba su bi miƙe ba, sun bi ta inda za su sami ruwa da aminci. Ɗalibin da ya taka wannan hanya da ƙafarsa zai fahimci darasin da allo da alli ba za su ba shi ba. Saboda haka shawarar matasanmu mai kyau ce, shirinta ne abin dubawa.

Yadda ake yi a wasu wurare

Irin wannan tafiya sananniya ce a duniya, kuma duk inda ta shahara za ka tarar lissafi ne ya riƙe ta. A ƙasar Peru akwai tsohuwar hanyar mutanen Inka, tafiyar kwana 4 ce ta kimanin kilomita 43 zuwa kufan birnin Machu Picchu. Hukuma ba ta barin fiye da mutum 500 su shiga hanyar a rana, har da 'yan dako da jagorori, kuma takan rufe ta duk watan Fabrairu domin gyara. A Tanzaniya, ba a yarda kowa ya hau dutsen Kilimanjaro mai tsawon mita 5,895 ba sai da jagora mai lasisi.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fanni. Kakanninmu fatake sun yi watanni suna tafiya tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja sayen goro, kuma ayarinsu yana da tsari. Akwai madugu uban tafiya, wanda maganarsa ce ta ƙarshe. Akwai jagaba da ke gaba yana duba hanya, akwai uban dawaki da ke shiga gari ya daidaita da masu gari, akwai kuma malamin ayari mai rubutu da lissafi. Ina ba da shawara mu ari wannan tsari yadda yake. Mu naɗa madugu ɗaya, jagaba ɗan ƙasa wanda ya san rijiyoyi, mai kula da masauki, ma'aji mai littafi, mu ƙara da ma'aikacin lafiya da kuma mai bin baya, wanda aikinsa kawai ya tabbatar babu yaron da aka bari. Idan da ɗalibai mata, to dole a sami malamai mata da masauki na daban.

Lokaci da zango

A ƙasarmu watanni biyu ne suka dace da wannan tafiya, Disamba da Janairu. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, kuma lokacin sanƙarau ne. Daga Yuni zuwa Satumba damina ce, fadamu sun cika, gonaki sun rufe hanya, ga sauro. A cikin kaka kuwa amfanin gona yana tsaye ko yana zube, ayarin mutum talatin da jakuna zai iya jawo mana faɗa da manoma. Sai a duba kada ranakun su faɗa cikin azumi ko jarrabawa. Hunturu ma yana da nasa sharaɗi: bargo da rigar sanyi ga kowane yaro, da man shafawa saboda faso.

Domin sauƙin lissafi, bari mu ɗauka ɗalibai 24 ne da manya 6, mutum 30 ke nan, tafiyar kwana 4. A shekarar 1892 wani mai hawan duwatsu ɗan ƙasar Sikotlan, William Naismith, ya kawo ƙa'idar cewa lafiyayyen mutum yana cin kimanin kilomita 5 a awa ɗaya a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Wannan ga babba ne a kan ƙasa mai tauri. Yaro ɗan shekara goma sha biyar, da jaka a baya, cikin rairayi, in ya ci kilomita 4 ya yi ƙoƙari. Saboda haka kada zango ya wuce kilomita 16 a rana, wato awa 4 na tafiya ban da hutu. A tashi bayan sallar asuba, a sauka inuwa kafin sha ɗaya, abin da ya rage a ƙarasa bayan la'asar, a isa masauki da sauran rana. Ayari kuwa da saurin mai rauninsa yake tafiya, tafiya sannu sannu kwana nesa.

Kafin a tsayar da zango ko ɗaya, wajibi ne mutum uku su bi hanyar a kan babur, su auna nisan kowane zango, su ga kowace rijiya da idonsu, su gaida kowane mai gari, su rubuta inda waya take kamawa da inda ba ta kamawa, da kuma asibiti mafi kusa. Taswira ba ta gaya maka rijiya ta ƙafe ko famfo ya lalace. Ko tafkin Kalmalo da muke alfahari da shi, mun san wata shekara ya cika, wata shekara ya ja baya.

Ruwa shi ne uban lissafi

Jama'a, a nan nake roƙon ku saurara da kyau, domin a nan mafi yawan masu shirya tafiya suke yin tuntuɓe. Mai tafiya a rana yana bukatar kamar lita 5 ta sha. Ƙara lita 3 ta girki da alwala da wanke kwano, lita 8 ke nan ga mutum ɗaya, ba a yi maganar wanka ba. Mutum 30 za su bukaci lita 240 a rana, kusan jarka 10 mai cin lita 25. Kowace lita nauyinta kilo ɗaya ne. A kwana 4 ruwanmu ya kai lita 960, nauyin da ya kusa tan guda. Jaki yana ɗaukar jarka biyu ya yi yini yana tafiya, wato ruwan yini ɗaya kaɗai aikin jaki biyar ne.

Wannan lissafi yana gaya mana cewa ba za mu iya ɗaukar ruwan tafiyar gaba ɗaya daga gida ba. Rijiya ce za ta zaɓa mana wurin kwana, kamar yadda ta zaɓa wa fatake. Duk zangon da ba shi da tabbataccen ruwa, a soke shi ko da sunansa yana cikin littafin tarihi, a ziyarce shi da rana a wuce. Haka kuma ruwan tafki da na buɗaɗɗiyar rijiya sai an tace an tafasa, ko an sa masa ƙwayar tsabtace ruwa. Gudawa a daji takan kayar da yaro cikin yini ɗaya. Ya kamata kowane babba ya haddace haɗin ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Guzuri, kaya da lafiya

Idan muka ƙiyasta rabin kilo na hatsi ga kowane mutum a rana, shinkafa ko garin tuwo ko wake, kilo 15 ke nan a rana, kilo 60 a kwana 4. A ƙara na yini ɗaya saboda tsaro ya zama kilo 75. Girki sau ɗaya ya isa, da dare. Da safe shayi ko kunu, da rana kuwa guzurin gargajiya ya fi komai: garin rogo da ƙuli-ƙuli, dabino, gyaɗa, kilishi, dakuwa, abubuwan da ba sa lalacewa kuma ba sa neman wuta. Fura da nono a saya a hanya, masu ƙauye su ma su amfana da wucewarmu. Itacen girki ma a saya, kada a ga ɗalibanmu suna sarar itace a ƙasar da hamada take ci.

Jakar da yaro zai goya kada ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinsa. Yaro mai kilo 45 iyakarsa kilo 9, kuma gorar ruwansa tana ciki. Tabarma, tukwane da hatsi na jakuna ne ko amalanke. Kada kowa ya zo da sabon takalmi, domin sabon takalmi shi ne yake kumbura ƙafa tun ranar farko. A sa wanda aka saba da shi, rufaffe, da safa biyu. A yi makonni shida ana gwaji kowace Asabar, daga kilomita 5 har a kai 16, wanda ya kasa a gida kada a kai shi daji.

Ma'aikacin lafiya zai duba kowane yaro kafin a tashi, musamman masu ciwon sikila da asma da farfaɗiya, kuma iyaye su sa hannu a takarda. A koya wa yara su kakkaɓe takalmi da safe saboda kunama, su riƙe tocila da dare saboda kububuwa. Idan maciji ya sari mutum, ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure tamau. A kwantar da shi, a hana gaɓar motsi, a garzaya asibiti. Wannan ne ya sa tilas a ajiye mota da mai a cikinta a gari mafi kusa da kowane zango.

Kasafin kuɗi

Ba zan kawo muku jimilla ta naira a yau ba, da gangan. Duk mun ga yadda aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Kasafin da aka rubuta da naira wata shida kafin tafiya, takarda ce kawai. Abin da ya kamata shi ne mu rubuta kasafinmu da awo: kilo nawa, lita nawa, jaki nawa na kwana nawa. Ma'aji da mutum biyu su shiga kasuwar Illela ranar Lahadi su sa wa kowane abu farashi, su sake yin haka kowane wata har ranar tashi.

Ga yadda nake ba da shawara a raba kowace naira ɗari. Sufuri, wato motar kai mu Ɗagel, ta dawo da mu, motar ko-ta-kwana da baburan masu share fage, naira 30. Abinci da ruwa da itace, naira 25. Hayar jakuna da ladan masu su da jagaba, naira 10. Kayan aiki irin su jarkoki, igiya, tocila da tampol, naira 10, kuma duk abin da za a iya arowa daga makaranta ko 'yan sikawut a aro. Magani da alawus na ma'aikacin lafiya, naira 5. Goron gaisuwa da ihsani ga masu masauki, naira 5. Ragowar naira 15 ajiya ce, ba mai taɓa ta sai madugu da ma'aji sun sa hannu tare. Wanda ya ce ajiyar ta yi yawa, mota ba ta taɓa lalace masa a rairayi ba.

Wajen tara kuɗin, ina roƙon kada a sa wa ɗalibi ko kwabo. In aka sa, 'ya'yan masu hali ne kaɗai za su je. A raba jimillar gida 24, kowane tsohon ɗalibi mai iko ya ɗauki yaro ɗaya, marasa ƙarfi su haɗu biyu ko uku. Manomanmu su ba da hatsi a lokacin kaka, buhun gero a rumbu ya fi naira a aljihu riƙe daraja. A tafi da ƙananan takardun kuɗi, domin mai nono a ƙauye ba ta karɓar tiransifa. Bayan an dawo a karanta lissafin a gaban wannan taro, a buga shi a mujallarmu.

Abu mafi muhimmanci a kasafin shi ne lokacin sakin kuɗi. A sake shi kashi uku. Na farko ƙarami ne, na share fage da takardu. Na biyu na hatsi da kayan da ba sa lalacewa, waɗanda in an fasa za a iya sayarwa ko a ba makaranta. Na uku, na mota da jakuna da kayan miya, kada a biya shi sai saura kwana uku, bayan an sami izini na ƙarshe. Dalilina shi ne halin ɗan Adam: wanda ya riga ya zuba kuɗinsa ba ya son jin gargaɗi, sai ya ce ai an riga an kashe, mu dai tafi. Idan kuɗin yana hannun ma'aji, fasawa ba ta da zafi, hankali kuma zai yi aikinsa.

A wane hali za a fasa?

Ya ku 'yan'uwana, ba za mu ɓoye wa juna abin da muka sani ba. Rabin wannan hanya na yamma, Ruwawuri da Gudu, yana cikin ƙananan hukumomin Tangaza da Gudu, inda 'yan bindigar da ake kira Lakurawa suka yi sansani, kamar yadda rundunar sojan Nijeriya ta bayyana a watan Nuwamba 2024. A gabas da mu kuma, a watan Maris 2024, an sace almajirai a Gidan Bakuso cikin ƙaramar hukumar Gada, maƙwabciyarmu. Ba mu manta da ɗaliban Birnin Yawuri na 2021 ba. Taron yara 24 a daji, waɗanda kowa ya san ranar fitarsu da wurin kwanansu, abin kwaɗayi ne ga miyagu.

Ga kuma batun iyaka. A daji babu shinge tsakaninmu da Nijar, mutum zai iya tsallakawa bai sani ba. Mutanen Kwanni 'yan'uwanmu ne na jini da aure, amma tun juyin mulkin Yuli 2023, da rufe iyakar da aka yi har zuwa Maris 2024, da ficewar Nijar daga ƙungiyar ECOWAS a Janairu 2025, jami'an ɓangarorin biyu ba sa wasa da ayarin da ba su san da shi ba.

Saboda haka shawarata ga wannan taro ita ce a raba tafiyar gida biyu. Kashin Kalmalo zuwa Gudu a ajiye shi, a rubuta shirinsa a adana, har Allah ya kawo zaman lafiya. Kashin Ɗagel zuwa Kalmalo ma ba za a yi shi ba sai da sharuɗɗa huɗu a rubuce: izinin hukumar ilimi da iyaye, yardar jami'an tsaro, yardar hakiman da za a bi ta ƙasarsu, da kwana a cikin gari maimakon fili. Kada a sanar da rana ko zango a Facebook ko WhatsApp sai an dawo. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya ce a dakata, ko da an ɗaura wa jakuna kaya, an fasa ke nan, babu jefa ƙuri'a. A madadinsa sai a yi tattakin yini guda daga Illela zuwa Kalmalo a dawo a kwana gida, malamin tarihi ya yi darasinsa a bakin tafki. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Kammalawa

Shugaban taro, abin da nake roƙo a yau abu uku ne: a naɗa madugu da ma'aji da masu share fage kafin mu watse, a amince da sakin kuɗi kashi uku kamar yadda na bayyana, a kuma rubuta sharuɗɗan fasawa cikin littafin taro domin kada gobe wani ya ce bai sani ba. Ku kuma ƙannenmu ɗalibai, ku fara gwajin Asabar tun yanzu, ku karanta tarihin hanyar, ku koyi lissafin ruwa da guzuri da kanku. Ko an je bana ko sai baɗi, wanda ya iya shirya tafiyar mutum talatin ya iya shirya gida da ofis da kasuwa.

Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya nuna mana ranar da yaranmu za su taka daga Ɗagel har Gudu babu fargaba. Ya jiƙan malamanmu da 'yan'uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya.